Haya ta koma dubu 900, fili kuma sai gudu yake: in saya yanzu ko in jira?

Abban_Walid:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kuma ina so waɗanda suka taɓa shiga irin wannan su yi magana. Ina haya a Rijiyar Zaki nan Kano, ɗaki biyu da falo da kicin, na shiga 2021 a kan dubu 350, bara mai gida ya mai da shi 550 na yi shiru na biya, jiya bayan isha'i sai ga yaronsa da takarda wai in kuɗina ya ƙare dubu 900 ne, in bazan iya ba akwai masu jira. Ba fenti aka sake ba, ba ruwa aka ja ba, ƙofar banɗaki ma ni na canza da kuɗina. To akwai ɗan abin da na daɗe ina tarawa, miliyan 4 da rabi, ciki har da kasona na gadon mahaifiyarmu Allah ya ji ƙanta. An nuna min fili can bayan Langel, 50 ba 50, awon igiya wato ba gwamnati ce ta yanka shi ba, miliyan 3 da dubu 800. Wani abokina yace kar in kuskura, wai farashin nan hauka ne kuma dole ya faɗo tunda mutane ba kuɗi. Ni kuma tsorona kar in jira kuɗin su narke a hannuna. A Bompai nake aiki, albashi bai kai dubu 150 ba, yara uku. Ya kuka gani?

Dan_Kurna:
Wslm. Malam saya. Ka taɓa ganin abin da ya hau a ƙasar nan ya sauko?

Ummu_Hanan:
Allah ya ji ƙan Hajiya. Dubu 900 a ɗaki biyu?? Innalillahi. Mu ma nan Naibawa an ƙara mana amma bai kai haka ba gsky

Sadiq_Kwari:
@Dan_Kurna ya sauko mana, masara da shinkafa ba su sauko ba? Buhun masarar da aka saya da tsada a 2024 waɗanda suka ɓoye ai kuka suka yi daga baya. Komai yana da iyaka.

Dan_Kurna:
Masara ana nomawa duk damina, kuma in ka ajiye ta ƙwari su cinye dole ka fitar. Fili fa? Waye yake noma fili? Mai fili in bai samu farashin da yake so ba kwanciyarsa zai yi, fili baya cin abinci baya neman magani.

Malam_Lissafi:
Bari in ɗan yi tsawo ku yi haƙuri. Ni a ganina tambayar "zai sauko ko bazai sauko ba" akwai abin da take ɓoyewa. Yayana ya sayi fili a Farawa 2015 miliyan ɗaya cif, lokacin dala tana wajen naira 200, kaga ya ajiye dala dubu 5 kenan a ƙasa. Kwanaki aka taya filin miliyan 7 yana ta murna wai ya ninka sau bakwai. Nace yaya ɗauko waya mu buga, miliyan 7 a kan dala 1,500 nawa ne? Bai ma kai dala dubu 5 ɗin ba. Shekara goma fa. Wato filin ba riba ya yi ba, tsare masa kuɗinsa kawai ya yi, naira ce ta zube. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni duk mai ɗan kuɗi a Kano ya gane ajiya a banki asara ce, sai kowa ya ruga ƙasa da gwal da dala. Don haka Abban Walid abokinka yana da gaskiya ta wani ɓangaren, mutane ba kuɗi, ciniki ya yi sanyi, amma sanyin ciniki daban faɗuwar farashi daban. Abin da zai iya faruwa shine farashin ya tsaya cak shekara biyu uku yayin da komai yake tashi. Amma ka ga an rubuta miliyan 3.8 ta koma 2, kar ka sa rai, sai dai in mai filin matsuwa ta kama shi.

Sadiq_Kwari:
To ai mu ba dala ake biyanmu ba Malam. Lissafin dala na masu dala ne

Malam_Lissafi:
Shine ai ciwon. Fili da siminti da rodi suna bin dala, albashi yana bin gwamnati. Mafi ƙarancin albashi dubu 30 ne tun 2019, sai Yulin 2024 ya koma 70, Kano ta sa 71. Buga 71 sau 12, dubu 852. Wato mai ƙaramin albashi ko ruwa bai sha ba shekara guda bazai iya biyan hayar da aka yanka wa Abban Walid ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ɗana Abban Walid ka saurare ni. 2016 na sayar da sarƙata da 'yan kunne na haɗa da kwasar adashe na sayi fili a Gaida, lokacin in ka je wajen ba ka jin komai sai kukan tsuntsaye, maigidan har dariya ya yi min wai na sayi gonar rogo. Shekara shida muna ginawa, yau bulo ɗari gobe tifar yashi, akwai shekarar da ko ƙusa ba mu saya ba. Yanzu a ciki muke kuma shi mai dariyar shi yake zama a ƙofar gidan yana karɓar gaisuwa 😂 Ba mu gama ba har yau, ɗaki ɗaya ko filasta babu, amma ba wanda zai aiko min yaro da takarda bayan isha'i.

Ummu_Hanan:
Hajiya kin ban dariya wlh 😂😂 Allah ya bar ku tare

Injiniya_Bash:
Hajiya Allah ya ƙara arziki amma 2016 daban yanzu daban. Lokacin da kuka fara siminti bai kai dubu 3 ba. Farkon 2023 yana wajen dubu 4 da wani abu, Fabrairun 2024 ya haura dubu 10 har sai da gwamnatin tarayya ta kira masu kamfanonin aka zauna aka ce a dawo da shi tsakanin dubu 7 zuwa 8. Tan ɗin rodi ya wuce miliyan. Ni abin da nake jiye wa Abban Walid shine ya zuba 3.8 a fili, la'ada da takardu su cinye saura, ya wayi gari ba kuɗin gini ba kuɗin haya, mai gida kuma yana jiran dubu 900. Kaga an yi ba a yi ba kenan. Ku zaga bayan gari ku ƙirga kangwaye nawa ne suka tsaya a linta ciyawa ta fito a ciki, duk masu irin wannan lissafin ne.

Abban_Walid:
Injiniya wlh nan ne inda yake hana ni barci. In na saya abin da zai rage bai kai dubu 700 ba kuma wata biyu ya rage min a gidan

Baba_Magini:
Salamu alaikum. Ni ba injiniya bane amma shekarata talatin da ɗoriya ina riƙe da cokalin gini. Matsalar yaran yanzu kowa so yake ya fara da falat, da silin fi'ofi da tayil da dogon rufi irin na Abuja wanda katakon da zai ci kaɗai ya isa ya yi ɗaki. Ba haka iyayenku suka yi ba. Ka kewaye filinka ko da rabin katanga ne, ka fitar da ciki da falo da banɗaki a kusurwa ɗaya, bulo mai inci shida ya isa tunda ba bene za ka ɗora ba, rufi kwance na kwano, ƙasa a shafe da siminti, taga biyu ƙofa biyu, ka shiga. Sauran kana ciki kana yi. Kuma kar ka sayi bulon kan titi ba ka gwada ba, wasu buhu ɗaya suke buga sittin har da ɗori, ka ɗaga ka saki ya zama gari. Ka sayi simintinka ka kira mai buga bulo a filin ka tsaya a kansa, a ba shi ruwa kwana uku huɗu. Wanda duk ya ce maka sai ka tara miliyan ashirin kafin ka fara gini so yake ka mutu a haya.

Injiniya_Bash:
Baba ban ƙi taka ba, amma ko ciki da falon nan yau in ba a yi wasa ba sai ya lashe miliyan 3 zuwa 4 kafin a kwana a ciki, ga shadda ga ƙofar waje. Kuma don Allah ko za a rage komai kar a rage tushe.

Baba_Magini:
Tushe kam ba a wasa da shi. Nan mun haɗu.

Alh_Mai_Gidan_Haya:
To ni bari in yi magana tunda mu ake zagi a zuci. Na yi aikin gwamnati shekara 35, giratutina na zuba na gina falat biyu a Sheka don su riƙe ni da tsufa. Yau in zan sake gina irinsu kowanne sai ya ci sama da miliyan 25 banda fili. Ina karɓar dubu 700 a shekara. Ku buga da kanku shekara nawa zan yi kafin kuɗin ginin ya dawo, sama da 35, ni kuma yanzu ina da 67. Wanda ya fita bara ya bar min bashin wuta, ya fasa tayil, ya toshe shadda, gyaran ya cinye fiye da rabin hayar shekara. Maganin hawan jinin da nake sha ya ninka sau uku. In ban ƙara haya ba me zan ci? Ban ce kowane mai gida adali bane, daga 550 zuwa 900 a tashi ɗaya ya yi yawa, ni bazan yi ba. Amma ku daina ganin kamar muna kwance kan kuɗi.

Malam_Lissafi:
Alhaji ka taɓo wajen. Wannan lissafin naka shine dalilin da yasa masu kuɗi suka rage gina gidan haya na talaka. Mutum ya ga in ya sayi fili ya kewaye ya tafi, bayan shekara uku ya ninka ba rigimar ɗan haya ba gyaran shadda. In ma zai yi gini to shaguna ko plaza zai yi a bakin titi. Sai ya zama filaye suna hannun waɗanda basa buƙatar gini, masu buƙatar ɗaki kuma suna ta ƙaruwa.

Zee_Fagge:
Alhaji da girmanka amma ku ma kuna da naku. Yayata mijinta ya rasu da yara huɗu, wata uku muna yawon neman gida, da an ji ba miji sai a ce an riga an bayar. Wani ma ƙiri-ƙiri yace baya ba mace. Wani yace yara sun yi yawa za su lalata masa bango. Da kuɗinta a hannu fa. Ƙarshe sai da kawunmu ya je ya karɓa da sunansa.

Alh_Mai_Gidan_Haya:
Wannan ba daidai bane 'yata, Allah ya ji ƙan mamacin ya raya marayu.

Dan_Kurna:
Duk ku bar masu gida, dillalai ne suka ɓata garin nan. Mai gida zai ce dubu 500, dillali ya je ya ce masa Alhaji ai na gefenka 800 aka bayar, don la'adarsa ta ƙaru. Ga kuɗin ganin gida, kafin a buɗe maka ƙofa ka leƙa sai ka ba da dubu 3 ko 5, in bai maka ba shikenan ta tafi. Gida ɗaya dillali biyar, kowa da nasa ɗorin.

Dillali_Na_Gaskiya:
Na san za a zo kanmu 😅 Dan Kurna akwai ɓata-gari a cikinmu ban musa ba, yanzu duk wanda ya rasa aikin yi sai ya sayi waya ya fara sa hoton gida a Facebook da TikTok wai shi ejan ne. Amma farashi ba mu muke yinsa ba. In na sa ɗaki biyu a Kabuga ko Janbulo da safe, kafin la'asar mutum goma sun kira, wani ma zai ce a ƙara masa a kan na farko. Mutanen Maiduguri da Yobe da suka taho tun rikicin Boko Haram da yawansu ba su koma ba, sun kafa kasuwanci sun sayi gidaje. Yanzu ga na Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka taso, mai hali a cikinsu gida yake nema ko nawa ne. Ga aure duk Juma'a da Asabar, kowane ango ɗaki yake so. Ƙidayar 2006 ma Kano ta haura mutum miliyan 9, yau shekara nawa? Gidajen da aka gina sun bi yawan nan?
Abban Walid game da filinka, abin da yake ɗaga wuri aiki ne. Dubi Dangwauro bayan an mai da 'yan magani can daga Sabon Gari, dubi Zawaciki da tashar tsandauri ta Dala. Yankin Langel jami'a tana kusa, titin Gwarzo yana nan, gari can yake tafiya. Amma 3.8 a awon igiya 50 ba 50 ka taya ƙasa, yanzu masu sayarwa sun fi masu saye yawa, mai kuɗi a hannu shine sarki.

Dan_Kurna:
Kun ji ko, yanzu ya gama cewa mutum goma suke kira, yanzu kuma masu sayarwa sun fi yawa 😂 dillali kenan

Dillali_Na_Gaskiya:
Haya daban sayarwa daban malam. Masu neman haya sun yi yawa saboda masu iya saye sun yi kaɗan, ina abin dariya a nan

Barista_AA:
Ni kalmar "awon igiya" ce ta tsayar da ni. Jama'a a sani, a dokar ƙasa ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne amana, takardar mai unguwa ko dagaci shaida ce ta cewa an yi ciniki, amma ba ita ce shaidar mallaka ta gwamnati ba. Yawancin unguwannin Kano da awon igiya suka tashi, ba wai haramun bane saye, amma ka san me kake saya. Kafin ka ba da ko sisi: ka je KANGIS, hukumar taswira da bayanan filaye ta jiha, da KNUPDA, hukumar tsara birane, ka bincika ko wajen yana cikin wani shiri na gwamnati, ko hanya za ta bi, ko an taɓa biyan diyyarsa. Ka tambayi asalin gonar ta waye, in ta gado ce ka tabbata duk magada sun yarda sun sa hannu har da mata, don rigimar da ta fi yawa a kotu ita ce ɗan'uwa ɗaya ya sayar sauran su taso bayan shekara biyar. Ka ga maƙotan fili huɗu ido da ido. Kuɗi ta banki, kar ka miƙa a leda. Kuma ana gama ciniki ka kafa alama ko bulo layi biyu ne, fili ɗaya ana sayar wa mutum uku a garin nan.

Musa_Dorayi:
Barista gaskiya ka faɗa, ni ganau ne. 2019 na saya a wani waje bazan faɗi suna ba, takarda har da tambari, na tafi na bar shi shekara biyu, ina dawowa na tarar da mutum ya kai linta a ciki shi ma da takardarsa mai tambari iri ɗaya. Wanda ya sayar mana ya bar gari. Sulhu aka yi aka ban wani a can ciki rabin girman nawa, na karɓa don na gaji da zirga-zirga.

Kwankwason_Tsakiya:
Ai da an ci gaba da irin aikin rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da ba a shiga wannan halin ba

Sai_Baba_Kawai:
Talaka nawa ne ya shiga gidajen? Shekara nawa suka yi a kulle? Kuma rusau ɗin 2023 na gine-ginen otal ɗin Daula da na filin Idi su waye suka yi, shi ya ƙara wa mutane tsoron zuba kuɗi a gini

Kwankwason_Tsakiya:
Filin jama'a aka yanka aka sayar, kuna so a zuba ido?

Admin_Garba:
Don Allah ku biyun nan ku kai siyasarku wani zauren. Bawan Allah shawara ya nema, wata biyu ya rage masa. Wanda ya ƙara zan goge.

Ma'aikaciya_01:
To ni tambaya, kuɗin NHF, wato asusun gidaje na ƙasa, da ake yanka mana kashi 2.5 duk wata shekara da shekaru, ba don irin wannan ranar aka yi shi ba? Abban Walid kamfaninku basa yanka?

Malam_Lissafi:
Don ita aka yi, tun 1992 dokar take. A takarda bashi ne mai ruwa kashi 6 har zuwa shekara 30 ta bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, in ka kwatanta da bankunan kasuwa da ruwansu ya haura kashi 25 kamar kyauta ne. Amma suna son fili mai cikakkiyar shaidar mallaka, kaga awon igiya ya fita. Sannan abin da za a yanka maka duk wata bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi ba, mai dubu 150 kenan dubu 50, buga ka gani gidan nawa dubu 50 a wata za ta saya yau.

Ustaz_Abu_Maryam:
Kuma ko kashi ɗaya ne ruwa ruwa ne, a kiyaye. Akwai bankunan da basa mu'amala da riba irinsu Jaiz da TAJ, suna da tsarin su sayi abu su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali, mai so ya je ya ji sharuɗɗansu ya kuma tambayi malamai. Sannan nasiha ga masu gidaje, Annabi SAW ya yi addu'ar rahama ga mutum mai sauƙi in ya sayar, mai sauƙi in ya saya, mai sauƙi in yana neman bashinsa. Halal ne ka ƙara haya amma ka dubi wanda yake ciki.

Ango_Mai_Jiran_Gado:
Ku kuna maganar saye, mu hayar ce ta hana mu aure. An sa rana tun bayan ƙaramar sallah an ɗaga sau biyu. Na samu ciki da falo a Bachirawa dubu 280, iyayenta mata suka zo gani suka ce kayanta bazai shiga ba, wai gado da kujeru da kayan kicin an riga an saya sai ɗaki biyu kuma ba gidan yawa ba. Ni ɗinki nake yi. Yanzu kayan ɗaki ne suke zaɓar gida ba mai biyan haya ba

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ɗana ka turo min lambar babarta in mata magana 😂 mu a ɗaki ɗaya aka kai mu gidan surukai, kwalla da samira a jere har rufi, ba mu mutu ba. Amma ka ga laifinmu ne iyaye mata, gasar jere ta yi yawa.

Zee_Fagge:
Hajiya a yi mana adalci, gidan yawa ba wasa bane, layin banɗaki da faɗan yara da na tsakar gida. Ba kowace uwa ce za ta so 'yarta ta fara da haka ba

Dan_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu nan bayan ambaliyar 2024 gwamnati ta sa doka aka rage kuɗin siminti, an ji sauƙi kaɗan, amma fili a cikin gari shi ma ya fi ƙarfin talaka. Abin da na gani wajenku kun raina ginin ƙasa. Mu har yanzu ana yin na tubali a shafe da siminti, ɗaki da sanyi lokacin zafi ba ruwanka da wuta.

Baba_Magini:
Dan Maradi ka faɗi gaskiya. Gidajen cikin badala na ƙasa da azara wasu sun haura shekara ɗari. Amma yau ka yi na ƙasa a Kano a ce ka talauce, kuma ita jar ƙasar ma yanzu a tifa ake sayo ta, maginan da suka iya ta sun ƙare.

Yakasai_Boy:
Maganar cikin gari ta tuna min. Gidan kakanmu aka sayar bara aka raba gado, miliyan 32, ka ji kuɗi kamar abin arziki. Magada 19. Babanmu da yake namiji ya samu miliyan 2 da 'yan kai, gwaggonninmu rabin haka. Gidan da ya riƙe mutum sama da talatin yau ba wanda kasonsa zai saya masa ko fili a Ungogo, kowa ya watse haya, wanda ya saya kuma ya rushe zai yi shaguna. Wata gwaggon tamu har yau in ta bi ta layin sai ta yi kuka.

Ummu_Hanan:
Allah sarki 😢

Sadiq_Kwari:
Mu dawo kan Abban Walid. Ni har yanzu ban ga hikimar binne kuɗi a daji ba. Wa ya lissafa masa kuɗin mota? Daga bayan Langel zuwa Bompai adaidaita nawa zai hau, uku? Litar mai da take ƙasa da 200 kafin a cire tallafi ta je har sama da dubu a 2024. In yana kashe dubu 2,500 kullum sau kwana 26 dubu 65 kenan a wata, a shekara ya kusa dubu 800, to ina hayar da ya gudar wa? Ga makarantar yara, ga ruwa sai 'yan garuwa, ga wuta ba a kai ba sai sola, ga asibiti in dare ya yi. Ni da ni ne in sa kuɗin a kasuwa su juya, in nemi gida mai sauƙi.

Dan_Kurna:
Su juya ko su juye? Mutum nawa muka sani da suka ba wani a kasuwar Kwari ko Singa jari yau ko gaisawa basa yi

Sadiq_Kwari:
Wannan kuma rashin amana ne ba laifin kasuwa ba

Injiniya_Bash:
Sadiq ya kawo magana mai kyau ta kuɗin mota, sai dai shi yanzu ma daga Rijiyar Zaki yake zuwa Bompai, ƙarin da zai yi ba duka 2,500 ɗin bane. Ni ga yadda zan yi in ni ne. Bazan biya 900 ba, bazan kuma sayi na 3.8 ba. In nemi ciki da falo na dubu 300 zuwa 350 ko a Dorayi ko Rimin Gata iyali su yi haƙuri shekara biyu. In nemi rabin fili 25 ba 50 na wajen miliyan 2 a inda mutane suka riga suka tare, ba inda za ka zama kai kaɗai da karnuka ba. Abin da ya rage in zuba tushe in fara tara bulo yadda Baba yace. Ba daɗi amma da babu gara ba daɗi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
25 ba 50 da yara uku kuma ana ƙaruwa? Zai yi nadama, gara ya sayi babban ko zai daɗe bai gina ba. Fili ba a ƙara masa faɗi daga baya.

Musa_Dorayi:
Kowanne zai saya dai ya je ya gan shi bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Da rani kowane fili kyakkyawa ne. Akwai wuraren da tsohon kududdufi ne ko inda aka haƙi ƙasar bulo aka cike da shara, sai Agusta za ka san me ka saya. Ka tambayi yaran unguwa ba dillali ba, su za su ce maka nan ai muna kamun kifi.

Dillali_Na_Gaskiya:
Yau dai na shiga uku a zauren nan 😂

Abban_Walid:
Na gode ƙwarai jama'a, wlh na karanta kowanne har na masu siyasar. Na yi magana da maman Walid, ita tana bayan Hajiya wai a sayi babban, ni kuma maganar Injiniya ta fi kwanta min. Gobe in Allah ya kai mu zan samu mai gidan da kansa ba yaronsa ba, in tafi da limamin masallacinmu ko zai rage ya dawo 700 in biya rabi yanzu rabi bayan wata shida. Asabar kuma zan koma wajen filin in tambayi na waye asalin gonar. Barista binciken nan na KANGIS mutum zai iya zuwa da kansa ko sai da lauya? Kuma me zan riƙa tunda filin ba shi da lamba?

Barista_AA:
Za ka iya da kanka. Ka samu mai awo ya ɗauko maka lambobin wurin da na'ura a kusurwa huɗu, da su za a duba a taswira. Ka je da kwafin takardar mai sayarwa, in ya hana ka kwafi to ka san akwai magana.

Alh_Mai_Gidan_Haya:
Zuwa da liman dabara ce mai kyau amma kar ka fara da maganar ƙofar banɗakin da ka gyara, mu masu gida bama son gori 😄

Ango_Mai_Jiran_Gado:
Abban Walid in ka tashi daga gidan don Allah ka min magana, in ya sauko 600 zan gwada kai su gani

Dan_Kurna:
Kai kuma ka ji, mutum bai fita ba har an samu mai jira. Ashe yaron mai gidan ba ƙarya ya yi ba